Tsohuwar Mota da Injin Gwanjo Mai Ƙarfi: Abin da Kimiyya Ta Ce

A shekarar 1975 wani direba ɗan ƙasar Suwidin mai suna Ove Andersson ya lashe tseren Safari na ƙasar Kenya da mota ƙirar Peugeot 504. A wannan shekara kuma aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, inda 504 ta daɗe tana fitowa har zuwa tsakiyar shekarun 2000, alhali tun 1983 aka daina ƙera ta a matsayin motar fasinja a Faransa. Wannan mota da Hausawa ke kira Fijo ta yi aikin gwamnati, ta yi haya, ta kai amare. A yau ta zama tsohuwar mota mai daraja, wadda masu sha'awa ke nema su gyara su adana.

To, sai dai mai irin wannan mota yakan tsinci kansa cikin wata shawara mai wuya. Inji ya fara hayaƙi, yana shan baƙin mai, ba ya iya hawan tudu sai da nishi. Ana cikin haka sai wani dillali ya zo da labarin cewa an sauke wani injin gwanjo, irin wanda ake ce wa ɗan Beljiyam, mai ƙarfi fiye da na ainihi. Kuɗin da za a kashe ba kaɗan ba ne, kuma idan aka yi kuskure za a iya rasa kuɗin, a lalata motar, wani lokaci ma a jefa rai cikin haɗari.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin irin injunan da ake magana a kansu. An fito da 504 a 1968 da inji mai silinda huɗu. Wanda ya fi yawa a ƙasar nan shi ne mai cin santimita kubik 1971, mai amfani da kafireta, wanda ƙarfinsa ya kai na doki 93 ko ɗan sama da haka. Ɗalibi zai iya tabbatar da wannan lamba da kansa: faɗin kowace silinda santimita 8.8 ne, tafiyar fistin kuwa santimita 8.1. Idan aka yi lissafin cikin silinda kamar yadda ake koyarwa a aji, za a sami kimanin 493, in aka ninka sau huɗu sai a zo 1971. Akwai kuma ɗan'uwansa mai girma ɗaya, wanda aka sa masa famfon fesa mai na Kugelfischer a maimakon kafireta, ƙarfinsa ya haura doki 100 da kaɗan. Babbansu shi ne mai silinda shida wanda kamfanonin Peugeot da Renault da Volvo suka haɗu suka ƙera. An fara sa shi a 504 mai ƙofa biyu a 1974, yana cin santimita kubik 2664, da ƙarfin doki 136. Da mota mai irin wannan inji Jean-Pierre Nicolas ya ci tseren Safari na 1978.

Daga 93 zuwa 136 ƙari ne na kusan rabi, saboda haka mutum zai zaci gudun motar ma zai ƙaru da rabi. Ba haka abin yake ba. Idan mota ta yi nisa a gudu, babban abokin gabarta iska ce. Turjiyar iska tana ƙaruwa daidai da gudu sau gudu, ƙarfin da ake bukata don keta ta kuwa yana ƙaruwa daidai da gudu sau gudu sau gudu. Wato wanda yake son ninka gudunsa sau biyu sai ya nemi ƙarfi ninki takwas. Bisa wannan ƙa'ida, ƙarin doki 43 ba zai ba da fiye da kashi 13 ko 14 cikin 100 na ƙarin gudu ba. Inda za a ji bambanci sosai shi ne wajen tashi da wuce wata mota da hawan tudu da kaya. Wannan amfani ne na gaske, amma yana da farashi.

Farashin farko zafi ne. Injin fetur, komai kyansa, bai cika mayar da fiye da kashi ɗaya cikin uku na makamashin mai zuwa motsi ba. Sauran yana fita a matsayin zafi, wani ta salansa, wani ta ruwan lagireto. Bisa ƙiyasi, zafin da lagireto ke ɗauka ya yi kusan daidai da ƙarfin da injin ke bayarwa. Doki 93 kimanin kilowat 68 ne, doki 136 kuwa kilowat 100. Tsohon lagireton da aka auna shi da na farko, wanda kuma tsatsa da gishirin ruwan rijiya suka toshe wasu bututunsa, ba zai iya ɗaukar na biyu ba, musamman a watan Afrilu a Kano ko Maiduguri, lokacin da zafin iskar da ake sa ran za ta sanyaya shi ya wuce digiri 40. Kan waɗannan injuna kuwa da alminiyam aka yi shi, ƙarfen da ke kumbura da zafi fiye da baƙin ƙarfe. Tafasa ɗaya mai tsanani ta isa ta lanƙwasa shi ta ƙona gasket.

Na biyu birki. Makamashin motsi yana bin gudu sau gudu, don haka motar da ke gudun kilomita 120 a awa tana ɗauke da makamashin da ya fi na mai gudun 100 da kashi 44 cikin 100. Dukkan wannan sai birki ya mayar da shi zafi kafin motar ta tsaya. Haka nan kuloci da giyabos da aksul na baya, kowannensu an auna shi ne da murɗar injin ainihi. Injin da ya fi nauyi kuma yana danne gaban mota ya sauya yadda take shiga kwana. Mutane da yawa sukan lissafa kuɗin inji kawai, sai bayan an ɗora shi su gane cewa bai kai rabin abin da za su kashe ba.

Yanzu sai shi kansa injin gwanjon. Babu wanda zai iya faɗin tarihinsa, kuma fenti da wanki ba shaida ba ne. A ɗauka ya yi tafiyar kilomita 100,000 a matsakaicin gudu na kilomita 50 a awa. Awa 2,000 ke nan yana aiki. Idan yana juyawa sau 2,500 a minti, kiranshaf ɗinsa ya yi juyi miliyan 300. Injin da aka ƙera don gudu kuwa ba kasafai yake faɗawa hannun mai tuƙi a hankali ba. Sa'an nan ga zaman ajiya: injin da ya shekara a ƙasa, danshi yakan shiga ta bawul ɗin da ya tsaya a buɗe ya kama bangon silinda da tsatsa, robobinsa kuma su bushe su tsage.

Duk da haka inji ba ya iya ɓoye ciwonsa ga wanda ya san tambayar da zai yi masa. Gwaji mafi muhimmanci shi ne na matsin iska. Bakanike zai cire filogi duka, ya buɗe totur, ya ɗaura ma'auni a ramin filogi, ya murza injin da batir, ya rubuta abin da kowace silinda ta nuna. Abin lura shi ne daidaito tsakaninsu: in wata ta gaza 'yan'uwanta da fiye da kashi 10 cikin 100, akwai matsala. Don a gano inda take, sai a zuba baƙin mai cikin ƙaramin cokali a wannan silinda a sake gwadawa. Idan matsin ya tashi, ringi ne ya cinye, domin man ya toshe giɓin na ɗan lokaci. Idan bai tashi ba, iskar tana zurarewa ne ta bawul ko ta gasket. Bayan wannan sai a duba ƙarƙashin murfin mai. Farin kumfa mai kama da kindirmo alama ce ta ruwa ya haɗu da mai. A tsiyayi man a faranti a kai shi rana. Ƙyalli kamar na garin tagulla yana nufin mital ya fara ci. In an samu an tayar da injin, shuɗin hayaƙi mai ne ke ƙonewa, baƙi fetur ne ya yi yawa, farin da bai ɗauke ba bayan inji ya yi zafi kuwa ruwa ne. Mai sayarwar da ya hana a yi waɗannan gwaje-gwaje, kuma ya ƙi yarda a mayar masa da kaya in sun ƙi, ya riga ya ba da amsa.

Famfon Kugelfischer yana da tasa matsalar. Na'ura ce mai kyau ƙwarai, wadda BMW ma ta yi amfani da ita, amma saita ta sai gwani mai kayan awo, kuma ba ta jure ƙura ko gurɓataccen mai. Idan ta lalace aka rasa mai gyara, ƙarshenta a cire ta a sa kafireta, mai motar ya koma inda ya fito bayan ya biya kuɗin ƙarfin da bai samu ba. Kayan gyaran mai silinda shida ma sun fi wuyar samu a Ƙofar Ruwa ko Panteka fiye da na mai huɗu.

Akwai kuma batun takardu. Lambar inji tana cikin takardun mota, saboda haka wajibi ne a karɓi rasit mai ɗauke da lambar sabon injin, a kuma gyara takardun, don kada a wayi gari da kayan sata. Masu tara tsofaffin motoci su ma sun fi daraja wadda ke ɗauke da injinta na ainihi.

Idan aka auna duk waɗannan, a mafi yawan lokuta gyaran injin ainihi ya fi dacewa, kuma ƙirarsa ta sauƙaƙa hakan. Silindojinsa hannayen riga ne na ƙarfe waɗanda ake zarewa a sa sababbi tare da fistin da ringi, ba sai an kai gangar injin an gwaɓe ta ba. Inda sayen gwanjo ya zama dole shi ne idan gangar ta tsage ko kiranshaf ya lalace fiye da gyara. A nan ma injin 505 mai santimita kubik 1971 ya fi kusa, domin dangi ɗaya ne da na 504, kuma lagireto da birki da giyabos za su iya ɗaukarsa. Tsohon injin kuwa kada a sayar wa 'yan gwangwan. A zuba mai a silindojinsa, a toshe ramukansa da tsumma, a ajiye shi a busasshen wuri, domin lambar da ke jikinsa ita ce ta dace da takardun motar na farko.