Wa Zai Sa Rigar Ɗorawa? Gasar Hasashen da Ke Bin Tseren Keken Faransa

Idan watan Yuni ya kusa ƙarewa, wata takarda kan fara yawo a ofisoshi da masana'antu da shagunan shan kofi na Holan da Beljiyam. Sunaye ne a jere, kusan 180, na mahayan da za su shiga Tour de France, tseren keke mafi girma a duniya. Kowa ya zauna da biro ya fitar da nasa: wane ne zai lashe, wane zai bi masa, wane zai fi kowa hawan dutse. Mutanen Holan na kiran al'adar Tourpoule. Da zarar mahaya sun taka feda a zangon farko an rufe karɓar suna, sai zaman ƙirga maki har mako uku, akanta da masinja da direba duk a jadawali ɗaya. Yanzu yawancin harkar ta koma waya, a manhajoji irin su Scorito na Holan da Wielermanager na sashen wasannin Sporza a Beljiyam, amma gardamar da ake tafkawa lokacin cin abincin rana tana nan yadda take.

Tun ran gini tun ran zane. Shi kansa tseren jarida ce ta ƙirƙiro shi domin a saye ta. A 1903 jaridar L'Auto, ƙarƙashin editanta Henri Desgrange, ta shirya zagayen Faransa mai zango shida da nisan kilomita 2,428. Mutum 60 suka tashi, 21 suka kai ƙarshe, Maurice Garin ya yi na ɗaya. Babu talabijin a lokacin, mai sha'awa sai ya kwana yana saƙe-saƙen wa ke gaba, da safe ya sayi jarida ya ga ko ya canka daidai.

Tseren na yau zango 21 ne cikin kwana 23, da hutun kwana biyu, nisansa kuma yakan kai wajen kilomita 3,400. Kowace ƙungiya na zuwa da mutum takwas. Shekara da shekaru ƙungiyoyi 22 ake gayyata, a 2025 aka mai da su 23. Wanda jimillar lokacinsa ta fi ta kowa ƙanƙanta shi ke sa riga mai ruwan ɗorawa, wadda aka fara bayarwa a 1919. Koriyar riga, tun 1953, ta mai tara maki ce, galibi gwanin fizgar gudu a mitocin ƙarshe. Fara mai ɗigo-ɗigon ja ta sarkin hawan dutse ce, fara sol kuma ta matashin da bai kai shekara 26 ba. Ke nan tsere huɗu ake yi a hanya ɗaya, ga kuma nasarar kowane zango da ake nema daban. Wannan yawan ƙofofi ne ya sa hasashen ke da daɗi, ya kuma sa yake da wuya.

A wasan Velogames na Birtaniya, wanda ya daɗe yana jan masoya keke daga ƙasashe da yawa, ana ba ka kuɗin wasa 100 ka sayi mahaya tara. Kowane mahayi da farashinsa, kuma dole ka cike gurabe: masu iya komai biyu, masu hawan dutse biyu, mai fizgar gudu ɗaya, uku daga sauran gama-gari, sai ɗaya da ka ga dama. Babu canji bayan an tashi. Wanda ya ɗauki Tadej Pogacar na Sloveniya ya riga ya cinye kaso mai tsoka na kuɗinsa, in kuma ya haɗa da Jonas Vingegaard na Denmak, abin da ya rage sai ya yi ta lalube cikin masu araha.

A nan ne gasar take. Daga 2021 zuwa 2025, shekara biyar a jere, waɗannan mutum biyu su ne na ɗaya da na biyu: Pogacar ya ci 2021 da 2024 da 2025, Vingegaard ya ci 2022 da 2023. Faɗin cewa ɗayansu zai lashe ba gwaninta ba ce, kowa ya rubuta haka. Masana lissafi sun daɗe da sanin cewa ra'ayin taro yakan faɗa kusa da gaskiya. A 1906 Francis Galton ya tattara takardun mutum kusan 800 da suka canki nauyin naman wani sa a kasuwar baje kolin dabbobi ta Plymouth; na tsakiyar cankin ya ce laba 1,207, da aka auna aka sami 1,198. To amma mai bin taro sau da ƙafa a tsakiyar jadawali zai ƙare, tare da dubban da suka rubuta irin nasa. Mai son ya hau sama dole ya saɓa wa jama'a a wani wuri, kuma ya zamana shi ke da gaskiya. Wurin saɓawar kuwa yana can ƙasan takarda, cikin sunayen da ba a buga hotonsu.

Kafin mutum ya iya zaɓar waɗannan, sai ya fahimci iska. A shimfiɗaɗɗiyar hanya, mafi yawan ƙarfin mai keke wajen tsaga iska yake tafiya. Wanda ya laɓe a bayan wani yakan rage wahala da kusan kashi ɗaya cikin uku. Binciken da Farfesa Bert Blocken na jami'ar fasaha ta Eindhoven ya jagoranta a 2018, da siffofin mahaya 121 a ramin gwajin iska da kuma kwamfuta, ya nuna cewa wanda ke can tsakiyar ayari ta baya kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari kawai yake fuskanta na turjiyar iskar da mai tafiya shi kaɗai ke sha. Shi ya sa ƙungiya ke ware mutum shida ko bakwai su yi wa madugunsu hidima: su tare masa iska, su koma mota su ɗebo gorunan ruwa, in tayarsa ta yi faci su ba shi tasu. Irin wannan mahayi yana iya fin rabin ayarin ƙarfi, amma ya gama mako uku da maki kaɗan, domin aikinsa ya ƙare kafin layin ƙarshe. Sabon shiga hasashe yakan ga babban suna a farashi mai sauƙi ya yi wuf ya saya, bai san an kawo shi yi wa wani bauta ba ne. Tsohon hannu kuwa yana neman mahayin da ƙungiyarsa ba ta da madugu, wanda za a sake shi ya ɓalle da 'yan tsiraru tun da safe ya nemi nasarar zango.

Iskar tana da wata fuskar. Idan ta buso daga gefe, maɓoya sai ta koma gefen na gaba, faɗin titi kuma ba ya ɗaukar kowa, sai ayari ya tsintsinke gida-gida. A 2013, a zango na 13 zuwa Saint-Amand-Montrond, hanyar da aka ɗauka ranar hutu ce ga manya, Alejandro Valverde na Sifaniya yana na biyu a jimilla. Tayarsa ta baya ta lalace daidai lokacin da iska ta raba ayari, ya ƙare da asarar kusan minti goma. Taswirar zangon ba ta nuna tudu ko ɗaya mai ban tsoro ba.

Sai faɗuwa, wadda babu lissafin da ke kama ta. A 2014 Mark Cavendish ya faɗi a Harrogate ranar farko ya goce kafaɗa. Chris Froome, mai riƙe da kambu, ya fita a zango na biyar. Alberto Contador ya karye a ƙafa a na goma. Cikin kwana goma takardun mutane da yawa suka zama wofi, Vincenzo Nibali na Italiya kuma ya isa Paris da ratar fiye da minti bakwai. A 2021 wata 'yar kallo ta miƙo kwali cikin hanya tana gaida kakanninta ta kyamara, Tony Martin ya yi karo da shi, mahaya da dama suka zube a kan juna. A 2018 tsaunukan Alps suka tsince masu fizgar gudu: Cavendish da Marcel Kittel sun iso La Rosière bayan wa'adin da aka yanka aka sallame su, washegari Fernando Gaviria da Dylan Groenewegen da André Greipel suka sauka daga keke. A 2019 ma ƙanƙara da zaftarewar ƙasa suka tare hanyar Tignes, alƙalai suka tsayar da zangon suka ɗauki lokaci a ƙololuwar Iseran, rigar ɗorawa ta bar jikin Julian Alaphilippe ta koma wa Egan Bernal na Kolombiya.

Ko an kusa gida ba a saki jiki. A 1989 Laurent Fignon ya shiga zangon ƙarshe, na gudun mutum shi kaɗai da agogo daga Versailles zuwa Paris, da ratar daƙiƙa 50. Greg LeMond na Amurka ya ƙwace da daƙiƙa takwas, rata mafi ƙanƙanta a tarihin tseren. A 2020 Primoz Roglic na gaba da daƙiƙa 57 saura kwana ɗaya, Pogacar, yana ɗan shekara 21, ya juye lissafin a hawan La Planche des Belles Filles.

Abin da ya fi ciwo shi ne sakamakon da ke sauyawa bayan an watse. Floyd Landis ya hau dandamali a Paris a 2006, kwanaki kaɗan aka sanar da cewa gwajin fitsarinsa ya nuna sinadarin ƙara kuzari, sai a 2007 aka tabbatar wa Oscar Pereiro nasara. Na Lance Armstrong bakwai, daga 1999 zuwa 2005, an soke su a 2012 aka bar gurbinsu babu suna. Wanda ya yi nazari tsakaninsa da Allah ya zaɓi mahayi mai tsabta, an zalunce shi tare da mahayin.

Mai karatu a Kano ko Maradi zai yi tambayar da ta dace: wannan ba caca ba ce? Ya danganta da yadda aka shirya. Inda kowa zai zuba kuɗi wanda ya ci ya kwashe, caca ce ko da wane suna aka kira ta, kuma ana yin irin wannan a ofisoshin Turai. Amma wasanni da yawa kyauta ake shiga, ladan kuma bai wuce a ga sunanka a sama ba, ko a ba ka riga. Abin lura shi ne kamfanonin caca sun san mai hasashen kyauta taki ɗaya ya rage masa ya fara sa kuɗi, don haka suke son tallarsu ta raɓi irin waɗannan wasanni. Masu tseren ma sun san darajar abin. Kamfanin ASO mai Tour de France yana da nasa wasan, kuma a 2018 Velogames ya dakatar da gasarsa ta Tour ta shekarar saboda takaddama da kamfanin kan haƙƙin suna. Wannan mataki bai yi wa tseren adalci ba, domin mai hasashe shi ne ɗan kallon da ke zama awa huɗu gaban talabijin ranar da babu abin da ke faruwa, yana jiran ya ga ko mutuminsa zai zo na goma sha biyu. Wasu gasannin har tambaya suke wa zai zo na ƙarshe, matsayin da Wim Vansevenant na Beljiyam ya riƙe sau uku a jere daga 2006 zuwa 2008.

Mu koma ga batun saɓa wa jama'a. A 2024 hankalin masu hasashen koriyar riga ya karkata ga Jasper Philipsen na Beljiyam, wanda ya ci zango huɗu da rigar a shekarar da ta gabata. Wanda ke bin tsere duk shekara kuwa ya san Biniam Girmay na Iritiriya. A watan Maris na 2022 ya lashe Gent-Wevelgem, a watan Mayu ya ci zango a Giro d'Italia a garin Jesi, sai murfin kwalbar murna ya tashi ya buge shi a ido a kan dandamali, dole ya bar tseren. Tour ɗinsa na farko a 2023 bai ci zango ba, mutane da yawa suka kau da kai daga gare shi. A zango na uku na 2024, a birnin Turin, ya zama baƙar fatar Afirka na farko da ya ci zango a Tour de France. Ya ƙara a na takwas da na 12. A na 16 ya faɗi dab da shiga Nîmes, Philipsen ya ci ranar ya rage ratar, amma Girmay ya tashi da ƙujewa a gwiwar hannu ya haye tsaunukan da suka rage cikin wa'adi. A birnin Nice, inda aka kammala tseren a shekarar saboda wasannin Olamfik na Paris, ya karɓi koriyar riga da maki 387, Philipsen na da 354.