Kalmar "Sense" Ta Turanci Da "Ji" Na Bahaushe

Cikin kalmomin Turanci da ke wahalar da ɗalibai da ma'aikatan da aka ɗora wa aikin fassara, kaɗan ne suka kai kalmar "sense" santsi. Asalinta daga Latin ne, daga kalmar "sentire", watau jin abu a jiki ko a zuci. Ma'anarta ta farko ita ce kafar da jiki ke sanin abin da ya same shi daga waje, kamar haske, ko ƙara, ko ƙamshi, ko zafi. Daga nan ta yi rassa. Bature yakan yi amfani da ita ya nufi hankali, yakan kuma nufi ma'anar magana, wani lokaci kuwa ya nufi abin da mutum ya tsinkaya a ransa ba tare da an gaya masa ba.

Tun zamanin Aristotal, masanin nan na ƙasar Girka, Turawa suka lissafa kafofin nan guda 5: gani, da ji, da sansana, da ɗanɗano, da taɓawa. Haka kuwa ake koya wa yaranmu a firamare. Amma Bahaushe ba haka ya kasa su ba. Shi dai ya ware gani gefe guda, sauran duka ya tara su cikin kalmar "ji". Yakan ji kira, ya ji ƙamshi, ya ji gishiri a miya, ya ji sanyi, ya ji yunwa, ya ji tausayi, har ma ya ji Larabci, watau ya fahimce shi. Wannan ne ya sa wani manazarci, Ian Ritchie, ya rubuta a 1991 cewa harshen Hausa kafofi biyu ya sani, gani da ji. Karin maganarmu ma shaida ce: mukan ce gani ya kori ji, mukan kuma ce jiki ya fi kunne ji.

To, kada mai karatu ya ɗauka wannan gardamar malaman harshe ce kurum. A ƙaramar hukumar Ungogo ta Jihar Kano akwai asibitin Yadakunya, wanda tun shekarun 1930 ya yi suna wajen jinyar kuturta. Ƙwayar wannan cuta, wadda likita Hansen na ƙasar Norwe ya gano a 1873, jijiyoyin fata take kamawa. Ɗaya daga cikin manyan alamunta ita ce tabo mai haske a fata wanda ba ya jin taɓawa, ba ya jin zafi. Mai cutar yakan taka ƙaya a gona, ko ya ƙone a murhu, bai sani ba, har miki ya ci gaɓa.

Yadda ake gwadawa kuwa shi ne a sa mutum ya rufe ido, a shafa tabon da ɗan auduga. In ma'aikacin lafiya ya ce "Baba, ka ji?", dattijo yana iya amsawa da "na ji" don ladabi, yana nufin ya ji maganar, alhali fatar ba ta ji kome ba. Saboda haka ƙa'idar aikin ita ce a ce masa ya nuna da yatsa wurin da aka taɓa. Amsa guda da aka fahimta a karkace tana iya jinkirta magani. Ga shi kuwa tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗin magunguna da ke warkar da cutar cikin wata 6 ko 12, tun 1995 kuma kyauta ake bayar da shi. Sai dai yatsan da ya riga ya guntule ba ya dawowa.

Darasin da ke nan ga mai fassara shi ne kada ya nemi kalma ɗaya ya ce ita ce "sense" a ko'ina. In ana maganar jiki ne, sai ya rubuta "ji", amma ya bi shi da abin da ake ji: jin taɓawa, jin zafi, jin ƙamshi, jin ɗanɗano. In ana nufin tunani mai kyau ne, "hankali" ya dace. In kuwa manufar jimla ce, "ma'ana" ta wadatar.

Ɗalibai su lura, faɗin da kalmar "ji" ke da shi ba talaucin harshe ba ne. Bature ya rarraba, Bahaushe ya haɗa, kowa da hikimarsa. Abin da ya wajaba a kan mai aiki da harsunan biyu, a aji ko a ofis ko a asibiti, shi ne ya tabbatar wane "ji" yake nufi, kuma wanda yake yi wa magana shi ma wannan ɗin ya ji.