Idan Huda Ta Kauce a Jakin Jita

Makaɗan goge da garaya sun daɗe da raɗa wa ɗan icen da tsirkiya ke hawa kansa suna jaki, kuma sunan ya dace, don shi ke ɗaukar kaya. Nasu jakin a sake yake: in ya goce, sai makaɗi ya tura shi da yatsa ya koma mazauninsa. Na jita kuwa, irin mai akwatin katako da tsirkiyar ƙarfe, manne yake da gam, yana ɗauke da huda shida, kuma tsirkiyoyin nan shida suna jan sa da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 70, dare da rana. Shi ya sa huda ɗaya in ta kauce ba a ce mata "ba komai".

Jita ta zauna da gindinta a wajenmu, daga majami'un Jos da Kaduna har zuwa Agadas. Mdou Moctar na Nijar ma da katako da wayar birkin keke ya harhaɗa jitarsa ta farko. Masu gyara ne ƙalilan, don haka aikin yakan faɗa hannun kafintan kujera da gado, wanda a sana'arsa milimita ɗaya ba abin tada jijiyar wuya ba ce. A jakin jita kuwa, tsakanin huda da huda kusan milimita 11 ne kawai, daga ta farko zuwa ta shida wajen 54 ko 55. Huda ta goce da milimita ɗaya, ido zai gani, yatsa zai ji, in kuma ta gefe ce tsirkiyar ta riƙa zamewa daga wuyan jita.

Abin da aka fi yi, wanda kuma nake roƙon a bari, iri biyu ne. Wani sai ya karkata bakin injin huda ya yashe ramin zuwa gefen da yake so. Ramin ya yi faɗi, ɗan turken da ke riƙe tsirkiya ya daina zama, wata rana ana cikin ɗaure tsirkiya ya yi tsalle, Allah ya kiyaye ido. Wani kuma ya kwaɓa garin katako da sufa gulu ya cusa. Wannan kwaɓin taurinsa daban da na katakon, gautsi gare shi, kuma da ka zo sake hudawa bakin injin zai zame ya koma tsohuwar hanyarsa. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Gyaran gaskiya shi ne a toshe ramin da katako, irin wanda aka sassaƙa jakin da shi. Maƙeran jita na Turai da Amurka sukan yi amfani da baƙin katakon nan ɗan'uwan kanya. Wanda ya yi nasa da madobiya, to ya nemo guntun da ya rage. A fara gyara ramin ya zama da'ira sosai, sannan a fiƙe toshi daidai bakinsa, wanda zai shiga da matsin yatsa, ba da guduma ba, don guduma tsaga jakin take yi. A nan ne mutane da yawa ke faɗuwa: sai su yanko siririn sanda su soka a tsaye. Jijiyar katakon sandan tana kallon sama, ta jakin tana kwance, saboda haka in hunturu ya busa kowanne ya tsuke ta fuskarsa, zobe ya fito kewaye da toshin. A yanko toshin ta yadda jijiyarsa za ta kwanta ta bi ta jakin. A shafa gam na katako, a tura, a bar shi ya kwana ya wuni. Na san kafinta ba ya son jin wannan, mai kaya na tsaye a kansa, amma ɗanyen gam bai riƙe komai.

Bayan ya bushe, a share abin da ya yi tozo da wuƙa mai kaifi, a bi da samfefa. Kafin a sake hudawa a ɗaura zare biyu daga kan jita zuwa jaki, a mazaunin tsirkiya ta farko da ta shida, a tabbata ratar da ke tsakanin kowanne da gefen wuya ta yi daidai. A sa alama da tsinin basilla, domin layin fensir kauri gare shi. A huda wani guntun katako mai tauri tukuna, a matse shi bisa jakin ya yi wa bakin injin jagora. Girman hudar da aka saba kusan milimita 4.8 ne, daga baya a ɗan buɗa samanta yadda turken zai zauna, da yake shi mai tsini ne.

In an riga an manna jakin, a tuna hudar ta ratsa fuskar jita har da wani allo siriri da ke ciki, wanda ƙullin tsirkiya ke tokara. Toshin sai ya kai can. A zura hannu ta bakin akwatin a tokara wani katako daga ƙasa, a matse shi kafin a huda, in ba haka ba bakin injin zai fito da ɓarɓashi ya cinye allon.

In kuwa ba a manna ba, kuma huda uku ko huɗu ne suka kauce, ni dai ba zan toshe ba. Ramukan a jere suke kan jijiya ɗaya, layin da jaki ya saba tsagewa ke nan ko da lafiyarsa ƙalau. Jakin ɗan guntun katako ne kawai: a ajiye wancan don gwajin huda, a sassaƙa sabo.