Idan Kasuwa Ta Koma Rumfa Ɗaya

A watan Afrilun 2025 Gwamna Sheriff Oborevwori na Jihar Delta ya tattara ya-nasa-ya-nasa ya bar PDP ya shiga APC. Bai tafi shi kaɗai ba. Kwamishinoni da shugabannin ƙananan hukumomi duk sun bi sahu, har da Ifeanyi Okowa, wanda shekara biyu kafin nan shi ne ɗan takarar mataimakin shugaban ƙasa a jam'iyyar da ya baro. Jihar da PDP ke mulki tun 1999 ta kwana da lema, ta wayi gari da tsintsiya. A watan Yuni Umo Eno na Akwa Ibom ya bi, a Oktoba Peter Mbah na Inugu, sannan Douye Diri na Bayelsa. Cikin miliyoyin da suka sha rana a layi a 2023, ba wanda aka tambaya ko ya yarda a ɗauki ƙuri'arsa a kai wani gida.

A majalisun hira ana kallon abin tamkar cinikin 'yan ƙwallo: wane ya koma can, wane ma yana hanya. Ni kuwa tsoro yake ba ni, kuma dalilin tsoron nawa yana cikin aikin wani malamin kimiyyar siyasa da ya rasu tun 1963.

Sunansa V. O. Key, haifaffen Jihar Texas ta Amurka a 1908, ya kuma ƙare koyarwarsa a Jami'ar Harvard. Rayuwarsa ta tafi ne a nazarin zaɓe da jam'iyyu da yadda ake siyasa a matakin jiha. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, shi da mataimakansa suka bi jihohi goma sha ɗaya na kudancin ƙasar Amurka, suka tattauna da ɗaruruwan 'yan siyasa da 'yan jarida da masu faɗa a ji, suka kuma tsefe sakamakon zaɓe gunduma-gunduma. A 1949 littafin da ya rubuta kan wannan bincike ya fito. Waɗannan jihohi sun shafe fiye da rabin ƙarni ba su san wata jam'iyya mai ƙarfi ba sai Democrat. Duk wanda ya ci zaɓen fid da gwani ya gama. Babban zaɓe cika sharaɗi ne kawai. Abin da Key ya so ya gano shi ne: idan jiha ta zama ta jam'iyya ɗaya, wa ke cin riba, wa ke asara?

Abu na farko da ya tarar shi ne rigima ba ta mutu ba, cikin ɗaki ta koma. Jam'iyyar ta zama suna kawai, a ƙarƙashinta kuwa gungu-gungu ne na mutane, kowane gungu yana kewaye da ubangida guda. Yau a haɗu, gobe a watse. A Alabama ya ga ɗan takara yana kwashe ƙuri'un garinsu da na maƙwabta, ba don wata manufa ba, sai don ɗan gida ne. A Virginia kuwa gungun Sanata Harry Byrd ya riƙe komai tamau, kuma kimanin mutum ɗaya cikin goma na baligai ne ke fitowa zaɓen da ake fid da gwamna. Mai ƙuri'a ya rasa wanda zai kama da laifi. In an gaza gina makaranta, wa zai kayar? Waɗanda ke ciki da waɗanda ke neman shiga duk tuta ɗaya suke ɗagawa, kuma kafin zaɓe na gaba an sake rabon gungu. A ƙarshe Key ya yanke cewa wanda ke faɗuwa a irin wannan siyasa shi ne mara shi. Mai hali yana da ƙofar baya, yana iya ganin gwamna da dare. Talaka ba shi da makami sai ƙuri'a, ita kuwa ƙuri'a ba ta da kaifi sai akwai wani wurin da za a iya kai ta.

Na san akwai bambanci, kuma ba zan ɓoye shi ba. Abin da ya haɗa turawan kudu a jam'iyya ɗaya shi ne danne baƙar fata: harajin jefa ƙuri'a, da jarrabawar karatu, da zaɓen fid da gwani na farare zalla, wanda sai a 1944 Kotun Ƙolin ƙasar ta haramta shi. Mu ba wannan ne ciwonmu ba. Abin da ke jan namu gwamnonin shi ne neman kusanci da Abuja, da tsaron kujera, da neman mafaka. Amma ko da me aka rushe sauran rumfuna, idan kasuwa ta koma rumfa ɗaya, mai rumfar ne ke yanka farashi, kuma mai saye ba shi da bakin tayawa.

Kada wani ya ce wannan hasashe ne. Mun riga mun ga samfurinsa a ƙananan hukumomi. Bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi, jihohi suka yi ta rige-rigen shirya zaɓe. A Kaduna APC ta lashe duka 23. A Jigawa ta lashe duka 27. A Bauchi PDP ta lashe duka 20. A Kano NNPP ta lashe duka 44. Jam'iyyu uku, hali ɗaya. Wannan ya isa ya nuna cewa cutar ba ta da launin tuta. A 2008 ma shugaban PDP na lokacin, Vincent Ogbulafor, ya bugi ƙirji cewa za su yi shekara sittin suna mulki. To, mai karatu ya tambayi kansa: ciyaman ɗin da ya san gidan gwamnati ne ya ɗora shi, kuma gidan gwamnati ne kaɗai zai iya sauke shi, wa zai ji wa tsoro, gwamna ko matar da ke tafiyar kilomita biyu neman ruwa? Abin da ake yi wa ƙaramar hukuma a yau shi ake shirin yi wa jiha, daga nan sai ƙasa.

Mu 'yan Arewa ya fi kamata mu gane wannan, domin mun taɓa ɗanɗana amfanin adawa da bakinmu. NEPU, da aka kafa a Kano a 1950, ba ta taɓa mulkin Jihar Arewa ba. 'Ya'yanta sun sha ɗauri da bulala. Amma kasancewarta a fage ya sa talaka ya san cewa ana iya cewa a'a. Da PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, gwamnatocin Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. Shekara da shekaru ana karɓar kuɗin nan daga hannun manomi da makiyayi, ba a soke su ba sai ranar da aka sami jam'iyyar da ke buƙatar ƙuri'ar talaka don ta kayar da wata. A tuna kuma abin da Rimi ya yi a 1983. Da zai bar PRP ya koma NPP, sai ya ajiye kujerar gwamna, mataimakinsa Abdu Dawakin Tofa ya hau, shi kuma ya koma wurin jama'a neman sabuwar amincewa. Bai samu ba, amma ya tambaya. Cikin gwamnonin da suka sauya sheƙa daga 2013, lokacin da biyar suka bar PDP a rana ɗaya, zuwa yau, a nuna mini wanda ya yi haka.

Ana cewa ai shiga jam'iyya mai mulki hanya ce ta jawo wa jiha romon dimokuraɗiyya. Wannan magana ta fi sauya sheƙar kanta haɗari. Ma'anarta ita ce hanya da asibiti da wutar lantarki ba haƙƙin ɗan ƙasa ba ne, tukwici ne na biyayya. Duk wanda ya yarda da haka ya yarda a hukunta garinsu ranar da suka zaɓi wanda ba a so. Ana kuma cewa 'yan adawa ne suka kashe gidansu da kansu, da rigingimun shugabanci da shari'o'i marasa ƙarewa. Akwai gaskiya a nan, kuma su ma da hannunsu dumu-dumu. Sai dai laifinsu ba zai rage wa mai ƙuri'a asara ko ƙwayar zarra ba.

Alamar ta riga ta bayyana a rumfunan zaɓe. A 2023 mutum sama da miliyan 93 ne suka yi rajista, amma waɗanda suka jefa ƙuri'a a zaɓen shugaban ƙasa ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba. Mutane ba wawaye ba ne. Idan suka lura cewa ainihin zaɓen ana yin sa ne a otal, tsakanin daliget da ubangida, ko a kira shi maslaha a ɗauki ɗan takara a ɗora, sai su zauna a gida, ko su karɓi taliya da sabulu, tunda ba abin da ƙuri'ar za ta sake saya musu. Matashin da ya fid da rai daga akwatin zaɓe kuwa ba ya zama haka nan. Akwai masu jiransa da wani tayin, a daji da cikin gari.

Sashe na 68 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce ɗan majalisar tarayya da ya bar jam'iyyar da ta kawo shi ya rasa kujerarsa, sai fa in jam'iyyar ta rabu. Wannan togaciya ta zama ƙofar da kowa ke bi, ya ƙirƙiro rikici ranar Litinin ya fice ranar Talata. Gwamna kuwa kundin bai ɗaure shi ba sam. David Umahi na Ebonyi, da wata kotu ta tsige a 2022 saboda sauya sheƙa, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta mayar da shi. Waɗanda za su gyara wannan doka su ne masu cin moriyar ɓarakarta, don haka ba za su taɓa ta ba sai malamai da ƙungiyoyin ƙwadago da na 'yan kasuwa da ɗalibai sun matsa musu lamba: wanda ya sauya sheƙa ya ajiye kujera, zaɓen ƙananan hukumomi kuma a fitar da shi daga aljihun gwamna.

Key bai ga ƙarshen abin da ya nazarta ba. Shekara biyu bayan rasuwarsa, a 1965, aka kafa dokar kare 'yancin zaɓe da ta buɗe rumfunan kudu ga baƙar fata. Wannan ceto daga waje ya zo, daga gwamnatin tarayya da kotuna, bayan mutane sun yi tattaki an doke su, wasu an kashe su. A nan kuwa, jam'iyyar da jihohi ke tururuwar shiga ita ce ke riƙe da tarayyar. Idan rumfunan suka gama rufewa, babu wata Abuja ta biyu da za ta zo ta buɗe mana su.