Launuka da yawa cikin zare guda

Idan ruwan sama ya ɗauke, wani lokaci bakan gizo yakan fito. Hasken rana fari ne a ido, amma launuka ne a haɗe: ja, rawaya, kore, shuɗi da sauransu. Ɗigon ruwa ne ke rarraba su. A shekarar 1666, Isaac Newton, wani masani na Ingila, ya raba su da guntun gilashi mai kusurwa uku. Daga baya ya nuna ana iya sake haɗa su.

Wannan sani yana da amfani ga tarho da intanet. Akwai wani zare na gilashi, siriri kamar gashin kai. Ana rufe shi da roba, a binne shi cikin ƙasa ko a shimfiɗa shi a ƙarƙashin teku. Ba wutar lantarki ke bi cikinsa ba, haske ne. Wata ƴar fitila mai suna leza tana kunnuwa tana mutuwa da sauri ƙwarai, sau miliyoyi kafin ƙiftawar ido. Da wannan walƙiya ake rubuta murya, hoto da wasiƙa. Cikin daƙiƙa guda, hasken yana cin wajen kilomita 200.000.

Da farko, haske iri ɗaya ake aikawa cikin kowane zare. Masu tarho suka ƙaru, hanya ta yi kaɗan. Shimfiɗa sabon zare kuwa aiki ne mai tsada. Sai masana suka yi dabara: a sa fitilu da yawa, kowace da launinta, kowane launi da saƙonsa. Wata na'ura ta haɗa su, su shiga zare guda. Suna tafiya tare, amma ba su cakuɗewa. A ƙarshen hanya, wata na'ura ta raba su, kamar gilashin Newton. Haka tashoshin rediyo suke: iska ɗaya suke bi, amma mai akwati yana kama Muryar Sahel ita kaɗai.

Dabarar ta yaɗu tun wajen 1995. Zare guda yana iya ɗaukar launi 40, ko 80, ko fiye. Abin mamaki, idon mutum ba ya ganin waɗannan launuka, na'ura kaɗai ke bambanta su.

Nijar ba ta da teku. Zarenta yana bi ta ƙasashe maƙwabta, kamar Benin, ya sadu da na teku a Kwatano. Idan mai haƙa rami ya tsinke shi, dubban mutane ne za su rasa tarho a lokaci guda.