Injin Busar da Hatsi da Yadda Ake Rage Masa Cin Wuta

A ƙasar Karaye da Rogo ba noman ne ya fi ba manomi wahala ba, shanya ce. Ƙasa ce mai albarka, ana samun masara da dawa da rogo da rake, ga kuma shinkafa a fadamu. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Challawa a ƙasar Karaye cikin 1992, noman rani ya daɗa ƙarfi. To, shinkafar rani tana nuna ne daidai lokacin da hadari ya fara haɗuwa, masarar farko kuwa ana karyarta ruwa bai ɗauke ba. Sai a baza hatsi a kan tamfol ko a bakin kwalta, yara suna korar awaki, manya suna duban gabas.

Shanshera sabuwar yanka tana ɗauke da ruwa wajen kashi 20 zuwa 25 cikin 100 na nauyinta, ba ta kuwa ajiyuwa sai ya sauka zuwa 14. Masara ma tana son wajen 13. In aka ɗura hatsi a buhu da danshi, sai ya yi zafi ya yi fumfuna, fumfunar masara da gyaɗa kuwa takan haifar da wata guba mai lahani ga hanta, wadda masana ke kira aflatoksin. Ɗan kasuwa shi ma yana da nasa lissafi: buhu mai kilo 100 da ke da danshi 24, in ya bushe zuwa 14, kilo 88 da ɗan ɗori zai koma. Wanda ya saya bai auna danshi ba, ya biya kuɗin ruwa kusan kilo 12.

Saboda haka ne manyan masana'antun shinkafa na wajen birnin Kano, inda shansherar ƙauyuka ke ƙarewa, ba su dogara ga rana. Suna da injin busarwa, watau wata doguwar hasumiya ta ƙarfe wadda hatsi ke gangarowa a cikinta sannu sannu, iska mai zafi tana ratsa shi. Zafin kansa ba shi da tsada, domin yawanci buntun shinkafa ake ƙonawa. Abin da ke cin kuɗi shi ne injunan lantarki masu juyawa, waɗanda masu gyara ke kira moto: ɗaya yana juya fanka mai hura iskar, ɗaya yana jan bel mai jerin kofuna da ke ɗaga hatsi sama, wani yana jan shimfiɗaɗɗen bel zuwa rumbu. Hukumar makamashi ta duniya, IEA, ta ƙiyasta cikin 2011 cewa irin waɗannan injuna su ke shanye kusan kashi 45 cikin 100 na dukan lantarkin duniya.

Moton nan yana da taurin kai. Wutar Nijeriya tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, shi kuwa gudunsa a ɗaure yake da wannan kaɗawa. Irin wanda aka fi amfani da shi yana juyawa wajen sau 1,450 a minti, ko da aiki ko ba aiki. In mai kula da inji ya ga iska ta yi yawa, dabarar da aka gada ita ce ya tura wani marfin ƙarfe ya toshe rabin bututun. Iska ta ragu, amma moto yana nan yana gudunsa, kamar mutum ya sa wa doki ƙaimi yana kuma jan linzami.

Maganin abin wani akwati ne da ake sawa tsakanin wuta da moto, masu sayarwa suna kiransa VFD, wasu su ce inbata. Aikinsa ya karɓi wutar, ya sake kaɗa ta yadda ake so, ko sau 40 ko 30 maimakon 50, moto kuwa sai ya bi. Masu ban ruwa da famfon sola sun san danginsa, domin akwatin da ke tare da famfon irin wannan aiki yake yi.

Ga inda ribar take, ya kamata mai karatu ya natsu a nan. Wutar da fanka ke ci ba ta raguwa daidai da gudunta, ta fi haka saurin raguwa. In aka rage gudu da kashi ɗaya cikin biyar, iskar za ta ragu da kashi ɗaya cikin biyar, amma wutar sai ta faɗi kusan rabi. In aka raba gudun biyu, wutar da ake bukata kashi ɗaya cikin takwas ce kawai. Misali, fanka mai cin kilowat 15, in ta koma kashi 80 cikin 100 na gudunta, ba ta kai cin 8 ba. Cikin awa goma an tsirar da yunit 70 ke nan. A watan Afrilu na 2024 aka kai kuɗin yunit ɗaya naira 225 ga masu layin Band A. A bisa wannan farashi, abin ya haura naira 15,000 a yini, daga fanka ɗaya tak. A aikace lissafin yakan ɗan gaza haka, domin akwatin ma yana cin nasa kaɗan, marfin da ake toshewa da shi kuma dā ma yana ɗan rage wani abu.

Wani zai ce, ai rage iska jinkirta busarwa ne. Ba kullum ba. Da farko ruwan yana bayan ƙwaya, yana fita da sauri, lokacin nan lalle ana son iska mai yawa. Daga baya saura na can cikin ƙwayar, shi kuwa ba ya fitowa sai a hankali, ko da an hura guguwa. Iskar da aka ƙara a wannan lokaci zafi kawai take kwashewa ta watsar. Gaggawa ma tana da nata sharri, gama shinkafar da aka busar da garaje takan tsage a ciki, in an zo casa ta kakkarye, kowa kuwa ya san bambancin kuɗin tsayayyar ƙwaya da na gutsattsari. Hatsin da za a ajiye don iri, kada zafin iskar ya wuce digiri 43.

Wajen bel ribar ba ta kai ta fanka ba, kada mai sayarwa ya ruɗi kowa. Wutarsa tana raguwa ne daidai da gudunsa. Bel mai kofuna ma ba ya son a rage masa gudu da yawa, domin da ƙarfin juyawa yake watsa hatsi a sama. In ya yi sanyi sai hatsin ya koma ƙasa ya cushe. Babbar asara a nan ita ce barin bel yana ta yawo ba komai a kansa, maganinta kuwa a kashe shi.

Ga mutanen Karaye da Rogo, inda wutar KEDCO ba a dogara da ita kuma janareta ne madogara, akwai wata riba ta dabam. Moto in an kunna shi kai tsaye yakan fizgi wuta ninki biyar zuwa bakwai na abin da yake ci in ya kama gudu. Don wannan fizga ta 'yan daƙiƙu mai inji ke sayen ƙaton janareta, ya yini yana zuba masa man gas alhali rabin ƙarfinsa ba ya aiki. Akwatin yana tayar da moto a hankali, saboda haka ƙaramin janareta ya isa, bel ma ba ya yawan tsinkewa. Wannan ya shafi ƙungiyar manoma da ke shawarar haɗa kuɗi su sayi ƙaramin injin busarwa mai shimfiɗa, irin wanda ake zuba tan kaɗan a kan ƙarfe mai huji, fanka tana hurawa daga ƙasa.

Amma fa akwatin ba ya shiri da ƙura da zafi, wurin casa kuwa ba abin da ya fi su yawa. Yawancinsu an yi su ne don zafin da bai wuce digiri 40 ba, bazarar ƙasar Kano kuwa takan kai haka ko a inuwa. Sai a kafa shi a ɗaki dabam mai shan iska, a riƙa kakkaɓe shi. Moton kansa 'yar fankar da ke bayansa ce ke sanyaya shi, in ya daɗe yana gudu ƙasa ƙasa da kaya mai nauyi sai ya yi zafi. Tsohon moto da aka sha naɗa wa sabuwar waya kuwa ba safai yake komawa yadda yake ba, yakan ƙara cin wuta. Mai sayen sabo ya dubi farantin da ke jikinsa: in an rubuta IE3 ya fi IE1 tattalin wuta, a nan kuma zai ga yawan kilowat, domin a zaɓi akwatin da ya yi daidai da shi.