Ruwan 'Ya'yan Kuka: Abin Sha Ga Mai Juna Biyu

Uwargida, idan kina da juna biyu kin san yadda rai ke kwaɗayin abu mai ɗan tsami, musamman a watannin farko. Maimakon lemon kwalba ko wanda ake ƙullawa a leda a bakin titi, kina iya haɗa naki a gida da 'ya'yan kuka, wato farin garin nan da ke manne da ƙwallayen cikin ɓawo.

Garin yana da bitamin C mai yawa, wanda ke taimaka wa jiki cin moriyar sinadarin ƙarin jini da ke cikin wake da ganyaye. Shayi kuwa rage wannan amfani yake yi, don haka kada ki haɗiye ƙwayar ƙarin jinin da ake ba ki a wajen awo da shayi. Ki kuma sani cewa ruwan kuka ba ya maye gurbin wannan ƙwaya.

Yadda ake haɗawa

Ki tafasa ruwa, ki bar shi yana ɓarɓara har minti 1, sannan ki sauke ki rufe ya huce, domin zafi na lalata bitamin C. Ki wanke hannu da sabulu, ki jiƙa kofi 1 na 'ya'yan kuka a kofi 4 na ruwan har su yi laushi. Ki dama da ludayi, ki tace da rariya mai tsabta. Sukari kaɗan ya isa. Idan an ce kina da ciwon sukari na ciki, ki tuntuɓi likita tukuna. In za ki zuba nono, to ya zama na madarar da aka tafasa.

Me ya sa sai tafasasshen ruwa?

Gurɓataccen ruwa na kawo taifot da kwalara da ciwon hanta nau'in E, wanda ya fi yi wa mai tsohon ciki illa. A shekarar 2017 wannan ciwo ya ɓarke a yankin Diffa na Jamhuriyar Nijar, kuma masu juna biyu na da yawa cikin waɗanda suka rasu. Ƙanƙarar da ba ki san da wane ruwa aka yi ta ba, ita ma ki guje ta.

Adanawa

Idan babu firji ko wuta ba ta tsayawa, ki haɗa daidai na yini ɗaya, kada ya kwana. Garin shi ne abin ajiya: ki zuba shi a busasshiyar kwalba mai murfi, nesa da danshi. Wanda ya yi hunhuna a zubar da shi.

Maigida, kai ma da naka aikin: ka tanadi ruwa mai tsabta da makamashin tafasa shi. Idan ka ga idon uwargida ya yi rawaya, ko fitsarinta ya yi duhu, ko amai da gudawa sun ƙi tsayawa, a garzayo da ita asibiti a ranar. Allah Ya sauke lafiya.